Fadamar Injiniya Ɗalhatu

Ranar da Ɗalhatu ya ce zai mayar da lungun bayan benenmu kore shar kamar tsaunin Mambila, babu wanda ya nemi shawararsa. Dama shi ba a nema, zuwa take yi da kanta. Muna cikin jimami ya dire kofin shayi, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ku bar min wannan. Aikina ne."

Ga abin da ya kawo jimamin. Benenmu yana unguwar Hor Al Anz a Dubai, tsohon gini ne, kusan rabin mazaunansa mu ne Hausawa, sauran 'yan Kerala ta Indiya da 'yan Filifin. A bayansa akwai wani lungu tsakaninmu da benen maƙwabta, wanda rana ba ta taɓa leƙawa ba tun da aka yi ginin. Ƙasa ce zalla, ba siminti. Da zarar zafi ya fara sauka, nan muke shimfiɗa tabarmi duk yammacin Juma'a. Nan ake dafa shayi, a yi musun ƙwallo, a ji wanda ya samu aiki, da wanda bizarsa ta kusa ƙarewa, da wanda aka yi wa haihuwa a gida. Mutum ya yi mako guda yana "yes sa" a wurin aiki, a lungun nan kaɗai yake miƙe ƙafa ya yi dariya da harshen uwarsa. Muna son wurin nan ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Sai wakilin mai gidan, wani siririn mutum mai tarin makullai a ƙugu, ya zo mana da labari. Masu shagon wanki da guga na bakin titi suna son lungun, su rufe shi da kwano su zuba injinansu. Mai gidan, wani dattijon Balarabe, ya yi tafiya, sai bayan sabuwar shekara zai dawo ya duba da idonsa. In ya tarar da wuri mai kyan gani da ake kula da shi, a bar mana. In ya tarar da juji, halas, magana ta ƙare, a ba mai wanki.

Malam Sharfuddeen shi ne dattijon majalisarmu, akanta ne, mutum mai auna magana kafin ya fitar. Ya ce abin ba wuya, a share, a yi wa bango fenti, a zuba farar tsakuwa.

Nan ne Ɗalhatu ya dire kofin.

Shi Ɗalhatu a wani kamfanin kago yake aiki a Deira. Aikinsa ya ɗora kwali a sikeli ya manna masa takarda, amma tun zuwansa ya sa muke kiransa Injiniya, mu kuma muka bi shi don a zauna lafiya. Ya yi bautar ƙasa a Gembu, can kan Mambila, kuma a wannan shekara guda ya koyo duk ilimin duniya. Ko maganar jirgin ruwa ake, sai ya ce ai a Mambila.

"Tsakuwa, Malam?" in ji shi. "Da tsakuwa za ka burge Balarabe? Mutumin da ya buɗe ido ya ga yashi? Kore za a nuna masa, ranka ya daɗe, kore!"

Malam ya ce, "To Injiniya, wace shuka ce za ta yi a inda ba rana?"

"Alhamdu lillahi, tambayar da nake jira ke nan. Akwai wata ciyawa, Turawa suna ce mata fan. Ganyenta tsaga-tsaga ne kamar matsefi. Ba ta shiri da rana ko kaɗan, ita dai inuwa da laima. Ka dasa ɗaya a nan, saiwarta ta rarrafa ta ƙarƙashin ƙasa ta ɓullo can, ta sake ɓullowa can, kafin ka ankara ta rufe wuri ruf. Mu bar tsakiya don tabarmi, sauran duk kore. Ni a Mambila a kanta nake kwana."

Issah, ɗan Zangon Kumasi da ke gadi a wani otal a Karama, shi ne abokin tsokanarsa, kowa "cale" ne a bakinsa, wato aboki. Ya ce, "Ei, cale, makon jiya ka ce a gidan hakimi kake kwana a Mambila."

"Wannan da damina ne."

"To ruwa fa? Nan Dubai ne fa, ba Mambila ba."

Sai Ɗalhatu ya ɗaga yatsa sama. Muka bi yatsan da kallo. Bayan esin kowane fulat yana leƙo lungun, kowanne yana ɗigar da ruwa, ɗis, ɗis.

"Ga damina can an rataya mana," in ji shi. "Kyauta."

Abin haushi, maganar ta yi kama da hankali. Ga inuwa muna gani, ga ruwa muna gani. Malam ya shafa gemu, ya ce a gwada. Daga wannan yamma Ɗalhatu ya daina amsa Injiniya sai an haɗa da "na lambu".

Asabar da rana sai ga shi a bayan a-kori-kura, zaune a tsakiyar tukwane kamar ango, daga wajen gari inda ake sayar da shuke-shuke. Gaskiya ɗaya ce, ciyawar nan tana da kyau. Kore ce shar, ganyenta yana rausaya, har matan Filifin suka leƙo ta taga suna ɗaukar hoto. Da a ce ya tona rami ya sa ta ya tafi barci, da wannan labari bai samu ba.

Sai ya hau sama ya sauko da fartanya. Ashe tuni ya sa an saka masa ita a cikin kago daga Kano, har da garma. Ya tuɓe riga, ya tofa yawu a hannu, ya kama huɗa. Kafin la'asar lungunmu ya zama gonar dawa, kunya-kunya a jere daga wannan bango zuwa wancan.

Issah ya tsaya a bakin lungu ya riƙe ƙugu. "Cale, shimfiɗa ka ce mana ko gona?"

"Kai a Kumasi me ka taɓa nomawa?"

"Ban noma komai ba kwaraa. Amma ban taɓa ganin ciyawa a kan layi ba."

"Yau ka gani. Kakana bai taɓa shuka ba huɗa ba, ba kuwa a kaina za a fara ba."

Ya jera ciyawar a ƙoƙoluwar kunyoyin, can sama inda ruwa ba ya zama. Ruwan esi ya ci gaba da ɗiga yana gangarewa cikin kwari, ita kuwa tana daga tudu tana kallonsa.

Da mako ya zagayo ya ce ai yunwa take ji. Wani direba abokinsa ya kawo masa takin raƙumi daga wata gona, ɗanye, buhu-buhu, yana tururi. Ɗalhatu ya gabza shi a gindin kowane tushe har da ƙari. Kafin magariba matan da suka ɗauki hoto sun rufe tagogi. Wani ɗan Kerala na hawa na biyu ya sauko toshe da hanci yana tambaya ko wani abu ne ya mutu. Ƙudajen Hor Al Anz suka aika wa na Abu Hail. Magunan unguwa kuwa suka ga an gyara musu bayan gida mai laushi, suka yi ta zuwa suna godiya.

Juma'ar nan kowa da hankici a hanci muka zauna. Malam Sharfuddeen ya kurɓi shayi, ya juya shi a baki, ya ce, "Injiniya, shayin yau har da ɗanɗanon raƙumi."

"Ƙamshin albarka ne, Malam. Manomi na gaskiya in ya ji shi har ci yake ƙarawa."

"To mu akantoci ragewa muke."

Gefen ganyayen ya fara ƙonewa, ya yi ja-ja. Ɗalhatu ya ce launin balaga ne.

Duk da haka ciyawar nan tana da haƙuri. Ta daure ta fito da sababbin toho, kowanne kansa a nannaɗe kamar gammo, haka halittarta take kafin ta buɗe. Ɗalhatu ya gani ya ce lalaci ne, a gonarsa babu mai sunkuyar da kai. Ya sayo tsinken tsire, ya ɗauko zaren ɗinki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙar da su yana ɗaurewa. Wasu suka ɓalle a hannunsa. Waɗanda ba su ɓalle ba suka ɓalle washegari.

Ba ta yi zuciya ba. Saiwar ta rarrafa ta ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda shi da bakinsa ya faɗa, ta sauka daga tudu ta nemi laima, ta fara ɓullowa a cikin kwari, 'yan ƙananan ganye gwanin sha'awa. Ni da idona na gani, har na fara cewa ko dai mutumin nan ya san abin da yake yi. Da yamma na dawo daga aiki na tarar da shi da fartanya yana sheme su.

Na ce, "Injiniya, me kake yi haka?"

"Noman farko. Ciyawa ta shigo min gona."

Issah ya leƙo ta kafaɗata. "Ei! Ba ita ce ka ce tana rarrafe ba?"

"Ta rarrafa a kan layi mana. Duk abin da ya fito a kwari ciyawa ne."

"To ita ma ta kan layin ai ciyawa ce, cale."

"Wannan ciyawata ce, waccan ciyawar banza ce. Ka ga abin da ya sa ba a barin mai gadi ya yi noma."

Ya kwashe su tas ya zuba a shara. Duk lokacin da suka sake ɓullowa ya sake bi ta kansu, har da maimai.

Bayan nan ya ɗaga ganye ya ga wasu ɗige-ɗige masu ruwan ƙasa a jere a bayansa. Daga baya ne muka ji cewa irinta ne, da su take hayayyafa. Shi kuwa ya dafe ƙirji ya ce annoba ta sauka, ƙwan ƙwari ne. Ya yi sama da gudu. Jim kaɗan sai ga shi tsugune yana dirje bayan kowane ganye, yana binsa da feshin maganin sauro.

Taga ta buɗe a hawa na uku. Matarsa ce, Asama'u, ma'aikaciyar jinya, ta dawo daga aiki ke nan ko kaya ba ta cire ba.

"Abban Muhsinat, ina burushin haƙorina?"

"Yana aikin al'umma."

"Naka fa?"

"Nawa ya yi tauri, zai ji wa ganyen ciwo."

"Au, ganye kake tausayi? To wallahi ka riƙe shi, da shi za ka dinga wanke naka bakin."

Ta buga tagar. Ya dube mu ya ce mata ba su san darajar bincike ba.

Sai sanyi ya shigo. Sanyin Dubai ba wani abin a zo a gani ba ne, amma ya isa kowa ya kashe esi ya buɗe taga. Ɗis ɗin nan ya tsaya cak. Daminar Ɗalhatu ta ɗauke ba sallama.

Ya shiga bi ƙofa-ƙofa. 'Yan Kerala suka saurare shi suna kaɗa kai, ya ɗauka sun yarda, suka rufe ƙofa. 'Yan Filifin ko buɗewa ba su yi ba. Ya dawo kanmu. Ya haɗa mu da zumunci, ya haɗa mu da lungu, ya ce duk wanda ya kashe esi shi ya miƙa majalisa ga mai wanki. Muka kunna. Gidan kowa ya koma kamar firiji. Muna cin tuwo da rigar sanyi, muna sallah muna kakkarwa, yara na tari. Malam Sharfuddeen ya kwanta da mura har ya kasa zuwa ofis.

Abin da Injiniya ya manta shi ne, esi in yana hura sanyi a ɗaki, zafi yake fesawa ta baya. Duk bayansu kuwa lungun suke kallo. Ruwa ya dawo yana ɗiga, amma iskar da ke kaɗawa a wurin ta isa ta busar da kilishi. Ganyen da ya tsira daga taki da tsinke da burushi ya bushe ƙayau.

Malam ya sauko naɗe da bargo, hanci ya yi ja, ya tsaya a bakin lungu zafi ya dake shi.

"Injiniya," in ji shi da toshasshiyar murya, "ka kai mana Mambila cikin ɗaki, ka kawo wa ciyawar Maiduguri. A kashe esin nan yau."

"Malam, shwayya-shwayya dai, a bi a hankali, saura ƙiris ta saba."

"Mu ne ba za mu saba ba. Kuma ka saurare ni. Mai gida ya kusa dawowa. A tuge wannan tsintsiyar, a baje ƙasa, a zuba tsakuwa tun da sauran lokaci."

A wurin babu wanda bai goyi bayan Malam ba. Tsoro ya kama mu da gaske, don mun fara ganin mai wankin yana zuwa da abin awo yana gwada bango. Amma Ɗalhatu ya dafe kai, ya ce an ci mutuncinsa a gaban shukarsa. Ya ce ba mutuwa ta yi ba, barci take, haka take yi a Mambila kafin ta yi tashin mamaki. Ya rantse in ranar ta zo ba a ga kore ba a canza masa suna. Ya yi ta magiya har Malam ya gaji, ga mura na cinsa, ya ce, "Ka je, Allah ya ba da sa'a."

Daga ranar ya rataya tamfol a bakin lungu, ya ce an hana shiga, ido yana hana ta tashi. Majalisa ta koma tsaye a gindin matattakala. Ta taga muke leƙen abin da yake yi. Mun ga ya cusa buhuna a rariyar da ruwa ke fita, ya bi da siminti ya shafe, wai fadama yake haɗawa, kada ɗigo ɗaya ya tsere. Mun ga ya janyo mesa tun daga tankin saman bene har ƙasa, ya zagaya bango da ita, ya zauna da allura yana huda ta, wai raɓa za ta dinga saukowa. Daga nan ya rufe saman da wani tamfol ɗin, muka daina ganin komai, sai sauro da ke fitowa daga ciki suna ba mu labari.

Issah ya tambaye shi ko ya gwada mesar. Ya ce gwaji na masu shakka ne.

Ranar da mai gida zai zo, Asama'u ta gaya wa matata cewa daga masallacin asuba bai dawo gida ba, sai da hantsi ta hango shi da mai a-kori-kurar nan, an lulluɓe bayanta da buhu. Ta ce ita dai ta yi addu'a ta tafi aiki, ta kuma nemi a sallame ta da wuri.

Bayan la'asar mota ta tsaya. Dattijon ya fito a hankali, da sanda, cikin farar kandura mai ɗaukar ido, irin farin da kake jin nauyin tsayawa kusa da shi. Wakili yana gefe makullai na ƙara. Mai wanki ya biyo su yana murmushin wanda ya riga ya ci. Mu duka mun yi wanka mun sa manyan kaya. Kowace taga akwai kai.

Ɗalhatu ya fito da babbar riga da tabarau. Ya yi gyaran murya, ya ja igiya, tamfol ɗin bakin lungu da na sama suka yaye.

Wallahi sai da na murza idona. Kore shar, daga bango zuwa bango, ganye kan ganye, ba a ganin ƙasa sai tsakiya inda aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Babu kunya, babu tsinke. Matan Filifin suka yi tafi. Murmushin mai wanki ya tafi.

"Ma sha Allah," in ji dattijon. Ya taka ya shiga har tsakiya, ya juya dama, ya juya hagu. "Ma sha Allah."

Ɗalhatu ya kumbura har rigar ta yi masa kaɗan. Ya haɗa Larabci da Turanci da hannu, yana bayani. "Ya Shaikh, kullu haza, wan tushe! Wahid bas! Ni na dasa, ita ta rarrafa. Ana muhandis, Mambila!"

Dattijon ya yi dariya, ya juya ga wakili ya yi magana a hankali. Malam yana jin Larabci. Na ga fuskarsa ta washe, ya matso ya raɗa mana, "Ya ce a bar mana." Sannan ya kama hannun rigar Ɗalhatu. "Injiniya, an gama. Mun samu. Yi shiru haka nan, mu raka shi mota."

Da ya yi shirun, da yau muna can. Amma ka ce wa Ɗalhatu ya yi shiru ana tsakiyar yabonsa?

"Malam, bai ga raɓa ba." Ya fizge hannunsa. "Ya Shaikh, shwayya! Wan minit! Shuf raɓar Mambila!"

"Ɗalhatu!" in ji Asama'u daga taga, kuma ranar ce kaɗai na taɓa jin ta kama sunansa.

Ya riga ya kai hannu kan famfo. Ya murɗa har ƙarshe.

Da farko raɓar ta sauko, siririya, mai daɗi, har dattijon ya ɗaga fuska. Sai mesar ta yi wani kuka. Ruwan da ya taho tun daga saman bene ya tarar da ramukan allura sun yi masa kaɗan, ya buɗa nasa. Ta tsage ɓarr, ta fizge daga bango, ta shiga bulala a iska. Ta mari wakili, makullai suka watse. Ta cire wa Malam hula. Ta sami Issah a baki yana tsakiyar cewa "Ei". Ɗalhatu ya koma zai rufe, ya murɗa ta hagu, ya murɗa ta dama, kan famfon ya taho a hannunsa.

"Mafi mushkila!" yake ihu, wai babu matsala. "Mafi mushkila, ya Shaikh, yanzu zai fita ta rariya!"

"Wace rariyar?" in ji Issah yana tofar da ruwa. "Wadda ka shafe?"

Ruwa ya rasa hanya ya fara hawa. Ya jiƙa takin raƙumin da ke kwance a ƙasa tun watannin baya, ya tashe shi daga barci, da launinsa da ƙamshinsa. Tabarma ta tashi. Ruwan ya wuce idon sawu. Dattijon yana tsaye a tsakiya, ya kasa gaba ya kasa baya, farar kandurar nan tana shan abin da ba a faɗa.

Sai wata ciyawa ta motsa. Ta yi gefe, ta yi sama, ta ɓullo gaba ɗayanta, da baƙar tukunyar roba a gindinta da farar takardar shago maƙale a wuya. Ta kusa da ita ta biyo. Wata ta biyo. Ashe da safen nan ya sayo sababbi, bai samu lokacin cire su daga tukwane ba, ya binne su haka ya yayyafa ƙasa. Lambun Injiniya gaba ɗaya ya tashi yana iyo. Tukwane suka dinga zagaya ƙafafun mai gida suna gaisawa, daga ƙarƙashinsu busassun na asali suna tasowa, wasu har da tsinken tsirensu.

Issah ya sunkuya ya cafko ɗaya, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Cale, ashe a Mambila da tukunyarta take tsirowa? Har da takarda? Wannan ciyawa ta yi makaranta paa!"

Tagogi suka fashe da dariya, hawa-hawa, da Malayalam da Tagalog da Hausa. Wani ya ruga sama ya rufe tanki. Takalmin dattijon ƙafa ɗaya ya bi tukwane ya fita bakin titi.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya tattare kandurarsa, ya tako a hankali ya fito, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya dubi Ɗalhatu, wanda har lokacin kan famfo yana hannunsa. Ya dubi lungun. Sannan ya nuna mai wanki da sanda ya yi 'yar magana, ya shiga mota.

Muka juya ga Malam. Ya matse hularsa, ya ce, "Ya ce halas, a ba mai wanki. Kuma ya fara da rigarsa."

Ba a jima ba aka rufe lungun da kwano, aka zuba siminti, injina suka fara ruri. Tukwanen da suka tsira kowa ya tsinci ɗaya. Tawa tana tagar banɗaki, ban taɓa yi mata komai ba sai ruwa, ta cika tukunyar har tana leƙowa waje. Amma dariyar ranar ba ta kai ko'ina ba. Juma'a ta zo, muka dawo daga masallaci, kowa ya tsaya a gindin matattakala ya rasa inda zai nufa. Abin ya yi mana ciwo, ni har sai da na ji ƙwalla.

Ɗalhatu kuwa ya ɓace. Ya canza masallaci, ya daina shiga lif, in ya ji takun mutum a matattakala sai ya koma ciki. Juma'a ta biyu muna tsaye cirko-cirko sai ga Asama'u ta sauko, ta rusuna ta gaida Malam.

"Baba, shi ya sa kuka rasa wurin zama, don haka falonsa ne wurin zamanku. Na kwashe kujeru, na shimfiɗa tabarmi. Ku hawo."

Muka hau da butar shayinmu. Muka same shi a kusurwa, ba tabarau, ba babbar riga, ya haɗa kai da gwiwa. Ya gaishe mu ƙasa-ƙasa. Ya ce wa Malam, "Ku yafe min," muryar ko fita ba ta yi sosai. Malam ya ce ya wuce.

Aka dafa shayi, aka zuba. Aka taɓa ƙwallo, maganar ta mutu. Aka taɓa tsadar haya, ta mutu. Wani ya ce an yi ruwa a Sharja, muka jira a ce mana ai wannan ba ruwa ba ne, babu wanda ya ce. Ga tabarma, ga shayi, ga mu, amma majalisa ta ƙi tashi. Kowa yana satar kallon kusurwa. Mutumin nan ya ƙona mana rai, ya sa mu mura, ya raba mu da lungunmu, kuma shirunsa ya fi duk wannan damunmu.

Malam ya dubi Issah. Issah ya ajiye kofi, ya kalli silin, ya yi kamar da kansa yake magana.

"Cale, wani a wurin aikinmu ya ce wai ana iya kiwon kifi a bahon wanka. Ni na ce masa ƙarya ne kwaraa. Ba mai iyawa."

"Ba mai iyawa kam," in ji Malam.

Ɗalhatu bai ɗago ba. "Ba ruwana," in ji shi. "Na tuba."

Muka kurɓi shayi. Ana jin ƙarar injinan wanki daga ƙasa. Ya juya kofinsa a hannu, ya ajiye, ya sake ɗauka. Hannunsa ya tafi kan hula a hankali ya gyara mata zama.

"Wane irin kifi?"